A Cikin Kwamfuta Babu Gabas

Shekarun baya, lokacin da na gama karatu ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro lissafi, na tafka wata ɓarna da har yau shaidarta tana nan a wani ƙaramin ƙauye kusa da Bariénou. Rami ne na rijiyar burtsatse da bai taɓa ba da ko ɗigon ruwa ba, an toshe bakinsa da siminti, awaki suna hawa kai su yi barci. Mutanen ƙauyen suna da nasu labarin a kan yadda aka yi ramin nan. Nawa daban ne, kuma nawa ne na gaskiya.

A lokacin ina zaune a gidanmu a Ganou, cikin Parakou, muna da wani ɗan buro, wato ofis, ni da abokina, aikinmu nemo wa mutane inda za su haƙa rijiya. Shi ne mai shiga daji. Zai jera ƙarafa a ƙasa, ya saki lantarki, na'urarsa ta ba shi lambobi, ya kawo mini. Ni kuma in zauna ƙarƙashin fanka in zuba lambobin a cikin wata manhaja, ita kuma ta mayar da su hoto: wani dunƙule kamar bulo mai launi-launi, wanda yake nuna cikin ƙasa. Ja dutse ne mai tauri, shuɗi kuwa inda ake sa ran ruwa.

Shi wannan bulon ba a tsaye yake wuri ɗaya ba, da linzamin kwamfuta ake juya shi, wanda mu a nan muke ce wa suris. Ka danne maɓallin hagu ka ja, ya juya. Ka danne na dama ka ja, ya matsa gefe. Ka murza tayar tsakiya, ya matso ko ya yi nisa. A baki abin da sauƙi. A aikace kuwa, wallahi ban taɓa haɗuwa da abu mai taurin kai irinsa ba. Ka ce ya ɗan karkata, ya wuntsila gaba ɗaya. Ka so dawo da shi, ya zame ya ba ka baya. Wani lokaci ka ja kaɗan kawai ya fice daga allon ya bar ka da baƙin fili, kana ta murza taya kana nemansa. Ga linzamin nawa na arha ne, maɓallinsa yakan maƙale, sai na saki hannu bulon ya ci gaba da bin yatsana. Sau nawa mahaifiyata tana leƙowa ta taga ta ce, "Kai da wa kake faɗa?" In ce da aiki. Ta ce, "To ka yi masa a hankali, maƙwabta na ji."

Da ƙyar dai na iya shi. Da na iya kuma sai abin ya zama abin burgewa, kowa ya shigo buro sai na juya masa bulo ko bai tambaya ba.

Ana haka kakana na wajen uwa ya aiko daga Djougou, wadda su tsofaffi ke kira Zugu. Tsohon ɗan kasuwar goro ne, iyayensa da kakanninsa duk fatake ne, kuma ya yi shekaru yana noma a wancan ƙauyen kafin gwiwa ta hana shi. Duk rani rafin ƙauyen yakan ƙafe, mata su riƙa tonon yashi suna jiran ruwa ya tsattsafo a kwarya. Sai 'yan kasuwar unguwar su kakana suka ɗauki nauyin haƙa wa ƙauyen rijiya ɗaya. Ɗaya tak. Sun kuma samu wani mai injin haƙa da zai wuce ta yankin, ya ce kwana biyu zai ba su, ko an samu ruwa ko ba a samu ba motarsa za ta wuce wani aikin. Kakana ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce ba sai an nemo kowa ba, jikansa ne zai nuna wurin.

Abokina ya je ya yi awo. Akwai hanyar gona da ta miƙe daga gindin wata tsamiya a kudu zuwa wata 'yar gada a arewa, ita ya ɗauka a matsayin tsakiya, ya auna gefenta na gabas da na yamma daidai wa daida. Ya miƙo mini lambobi, shi kuma ya tafi kudu wani aiki na wata guda.

Na zuba lambobi, bulo ya fito. Daga sama ba a ganin shuɗin sosai, wasu launuka sun rufe shi. Na yi ta juyi, na yi ta juyi, har na samo wani ɓangare da shuɗin ya fito sarai, gwanin kyau. A kusurwar allon akwai wasu 'yan kibau uku da ke nuna ina ne sama, ina arewa, ina gabas. Na ga suna ɓata mini hoto, na kashe su. Na daidaita tsamiya a ƙasa, gada a sama, hanya a tsakiya, shuɗi ya zauna a hannun dama. Na kai shagon buga takardu aka fitar mini da shi da launi, na sa a jaka, na hau motar Djougou ina hura hanci.

A zauren kakana aka taru, dattawa kusan bakwai, ga farantin goro a tsakiya. Na ɗora kwamfuta a kan wani akwati, na buɗe bulo, na fara juya shi a hankali ina bayani. Dattawa suna ta "ikon Allah". Kakana ya matso da fuskarsa dab da allo, don idonsa ya yi rauni, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mushe, ina gabas?"

Haka yake kirana, wato monsieur na Faransanci, tun da na shiga makarantar boko, don tsokana.

Na ce, "Kaka, bari in gama bayani tukuna."

Na ci gaba. Na nuna ja, na nuna shuɗi, na faɗi kalmomin Faransanci guda biyu-uku da na san babu wanda zai gane. Ban kai ƙarshe ba ya sake katse ni.

"Na ji. Amma ina gabas a cikin abin ga?"

Kafin in ba shi amsa ya miƙa hannu ya ɗauki linzamin. Da farko ɗaga shi ya yi sama yana jujjuya shi kamar mai duba goro ko ya yi tsutsa. Da aka ce masa a ƙasa ake ja, sai ya danne shi da dukan tafinsa, hannunsa yana rawa, ya ja. Bulo ya wuntsila, ya sake wuntsilawa, maɓalli ya maƙale, ya yi ta katantanwa, daga nan ya fice daga allon gaba ɗaya. Zaure ya kaure da dariya. Wani dattijo har da share hawaye yana cewa, "Alhaji ya zubar da ruwan tun ba a haƙa ba!"

Ni kuwa haushi ya turnuƙe ni. Na karɓe linzamina, na yi ta murza taya ina neman bulo gumi yana keto mini, na ce da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, "Kaka, a cikin kwamfuta babu gabas! Duk inda ka juya shi nan ne gabansa."

Ya dube ni ya ɓare goro. Ya ce, "Kakanninmu in sun sauka zango, ko jaki bai sha ruwa ba, ko kaya ba a sauke ba, sai madugu ya tsaya ya ce ga gabas. Daga nan kowa ya san inda zai sa kansa, ya san inda zai sa ƙafarsa. Na je Gwanja, na je Ikko, wurin da babu gabas dai ban taɓa jin labarinsa ba sai yau."

Na ce a raina, ga shi nan, an fara tarihin fatake. Na rufe kwamfutar, na zaro takardata na ce ga abin da za a bi, an riga an gama komai. Ya karɓa ya kai ta kusa da ido, rubutun ƙanana ne kuma na boko, ba abin da ya gane. Ya buɗe baki zai sake tambaya sai aka kira azahar. Ban taɓa jin daɗin kiran salla irin na ranar ba, Allah ya yafe mini.

Ranar da zan kafa turke kakana ba ya nan, an yi masa rasuwar wani aminin kasuwancinsa a Pélébina ya tafi ta'aziyya. Na tsaya a gindin tsamiya na fuskanci gada, takarda a hannuna. Shuɗi yana dama, dama kuwa gabas ce. Na auna taku, na kafa turke. Wani magidanci daga cikin mutanen ƙauyen ya matso ya ce a hankali, "Malam, nan gefen fa fako ne, ko gyaɗa da ƙyar take yi." Na ce masa na'ura tana ganin abin da ido ba ya gani. Ya ce to, ya koma baya. Mutumin kirki ne, bai san cewa da ɗan iska yake magana ba.

Injin ya iso da sassafe. Aka kafa, aka yi addu'a, aka fara. Mata suka zo da kwanoni da jarkoki suka jera a inuwa, wasu har da guɗa. Tun hantsi abin da yake fitowa daga ramin garin dutse ne fari fat, busasshe. Azahar, gari. La'asar, gari. Mai injin, wani ƙaton mutum mara son magana, yakan damƙi garin ya murza a tafinsa ya dube ni. Ni kuma in duba takarda in ce saura kaɗan. Da rana ta yi ja ya kashe injin ya ce, "Mushe, c'est sec. Babu komai a nan, dutse ne har ƙasa." Na ce gobe za a gani. Matan suka kwashe kwanoninsu suka tafi.

Washegari aka ci gaba, saura yini ɗaya kenan. Wajen hantsi sai ga kakana a bayan ɗan zem, wato mai babur ɗin haya, ya riƙe hularsa da hannu ɗaya. Ya sauka da ƙyar, ya dubi injin, ya dubi hanya, ya sake duban injin.

"Wa ya ce a haƙa nan?"

Na ce, "Takarda."

"Ba ni ita."

Na miƙa masa, raina a ɓace, don na san tambayar da ke tafe. Ya ɗora yatsa a kan jan launi ya ce, "Wannan mi ne?" Na ce dutse. Ya ɗora a kan shuɗi, na ce ruwa. Ya ce, "To Mushe, don girman Allah, karo na uku. Ina gabas?"

Wannan karon na gaji da gardama. Na nuna masa gefen dama na takardar na ce nan.

Ya sauke takardar. Sannan ya ce, "Takardarka ta ce dutse yana yamma, ruwa yana gabas. Ni na noma wurin ga tun uwarka tana goye. Gabas da hanya fartanya wuta take yi in ka sara. Yamma da hanya nake cire doya kamar cinyata, can ne itatuwa ba su kaɗe ganye ko rani ya kai ina. Ko dai ƙasar ce ta juya bayan tafiyata?"

Na ɗauko kwamfuta na ɗora a kan matakin motar injin. Na buɗe ainihin hoton da na buga, na kunna 'yan kibaun nan uku da na kashe. Akwai wani maɓalli da ke mayar da bulo ya zauna daidai, ana kallonsa daga sama kamar yadda tsuntsu zai gan shi. Na danna. Bulo ya yi wata 'yar juyawa a hankali, cikin natsuwa, yadda bai taɓa yi mini ba. Tsamiya tana nan a ƙasa, gada tana nan a sama, amma shuɗin ya tsallaka hanya ya koma hagu.

Ashe duk kyan da na gani, daga ƙarƙashi nake kallon abin. Na juya bulo har ya ba ni cikinsa ban sani ba. Kamar makaniken da ya kwanta ƙarƙashin mota kansa ta wajen gaba, abin da ke damansa shi ne hagun direba. Da na bar kibaun, da na gani. Da na amsa wa tsoho tambayarsa tun a zaure, da ya gaya mini tun a zaure. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Na je na gaya wa mai injin a dakata. Ya kashe, ya saurare ni, sai mutumin da ba ya magana ya ɓalle da faɗa, Faransanci da Dendi da Hausa duk a haɗe. Ya ce yini da rabi ya ƙona esansi, wato man inji, a kan dutse, bakin ƙarfen haƙarsa ya ci wuya, shi yau zai naɗe kayansa. Mutane suka taru. Magidancin nan da na raina yana tsaye yana kallona, wasu matasa kuwa sun fara ɗaga murya, wata mata ta ce a bayana, "Dama an ce yaro ne." Na tsaya da kwamfuta a hannu ina roƙon ƙasa ta tsage.

Sai kakana ya buga sandarsa a jikin motar.

Ya ce, "Jama'a ku saurara. Laifin nan nawa ne. Yaron ga ya kawo aikinsa daidai, ni na kama abin da hannuna mai rawa na wuntsila shi a Zugu. Ga waɗanda suka gani nan."

Biyu daga cikin dattawan zauren sun zo kallon aiki. Ɗaya ya ce, "Wallahi an yi haka, har ɓacewa abin ya yi!" Ya fara kwaikwayon yadda tsoho ya danne linzami, jama'a suka fashe da dariya. Wa zai yi wa tsoho mai furfura faɗa don ya taɓa abin da bai sani ba? Nan take wutar ta mutu. Ni kuwa na buɗe baki, na rufe. Wannan shirun nawa shi ne abin da ya fi ramin muni.

Kakana ya juya wajen mai injin ya zaro goro fari babba daga aljihu ya miƙa masa. Ya ce, "Patron, ka ba mu kwana biyu, rana ba ta faɗi ba. Tsallaka hanya kawai za ka yi. In kuwa tafiya za ka yi, ga ni nan zaune gaban tayarka, ka san gwiwata ba ta tashi da wuri." Ya kuwa zauna a ƙasa da farar rigarsa. Mai injin ya yi tsaki, ya ciji goron, ya ce wa mutanensa su sauke ƙarafa.

Wannan karon ban kafa turke ba sai da na tsaya na ce da ƙarfi, ga gabas, ga yamma, kakana da magidancin nan suka ce haka ne. Aka fara bayan azahar. Ban zauna ba, ban ci komai ba. Ƙasar farko ja ce, sannan ta yi duhu. Bayan la'asar mai injin ya damƙi abin da ke fitowa ya murza, ya dunƙule a hannunsa bai warwatse ba. Rana tana gab da faɗuwa laka ta yi tsartuwa ta wanke mu duka, bayanta ruwa. Matan suka yi guɗar da tun jiya suka haɗiye. Ni dai na koma bayan motar na zauna.

A hanyar komawa Djougou muna bayan wata mota ni da shi, na ce, "Kaka, takardar nan tun a Parakou na buga ta. Kafin ka taɓa komai."

Ya ce, "Na sani mana. Ai daga jakarka na ga ka zaro ta. Tsufa na yi, Mushe, ba hauka ba."

Na ce, "To don me?"

Ya ce, "Ni na ci kasuwata na tashi. Kai yanzu kake shimfiɗa tabarma. In aka ce jikan wane ya haƙa dutse, wa zai sake kiranka?" Sannan ya ƙara da cewa, "Amma dai kai da wauta. Babu gabas!" Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya rasu bayan wannan da 'yan shekaru, Allah ya jiƙansa. Har yau ina wannan aikin, kuma har yau in na tuna ina jin haushi: haushin manhajar da za ta bar mutum ya shige ƙarƙashin ƙasa ba ta ce masa kanzil ba, haushin linzamin nan mai maƙalewa, amma mafi yawa haushin wancan yaron da aka yi wa tambaya mai kalma biyu ya ga ya fi ƙarfin amsa ta. Abokan aikina kibiyar arewa suke sa wa a taswira kamar yadda aka koya mana. Ni sai na ƙara ta gabas, babba, kafin in juya komai. Suna cewa ɓata hoto nake yi, ina ce musu na taɓa yin hoto mai kyau.

Bara aiki ya bi da ni ta ƙauyen, na tsaya shan ruwa a famfon. Wata dattijuwa da ke cika jarka ta ga ina kallon simintin da ke tsallaken hanya, ba ta gane ni ba, ta fara ba ni labari: wai wani tsoho ne daga Zugu, mai karambani, ya taɓa na'urar jikansa ya karkatar da ita, saura kaɗan ya sa su rasa ruwa. Na ajiye kofin na ce, "Inna, ni ne jikan. Kuma ba shi ba ne, ni ne. Tun daga Parakou na zo da abin a juye, shi ne ma ya gano." Na zayyana mata komai, har da kibau, har da mutumin da ke kwance ƙarƙashin mota.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta dafa kafaɗata da jiƙaƙƙen hannunta, ta juya ta kira sauran matan.

"Ku zo ku ga ɗan albarka," in ji ta. "Kakansa ya mutu, amma har yau yana rufa masa asiri."